Yakuwa da Rama: Dangantakarsu da Bambancinsu

A wannan shafi za mu kwatanta yakuwa da rama, tsirrai biyu masu fure waɗanda manomanmu suka saba shukawa a gefen gonakin gero da dawa.

Rabe-rabensu

Masana ilimin tsirrai sun sanya su cikin dangin Malvaceae, tare da kuɓewa da auduga da kuka. Jinsinsu ma ɗaya ne, wato Hibiscus. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya raɗa wa yakuwa suna Hibiscus sabdariffa a 1753, rama kuwa Hibiscus cannabinus a 1759. Furensu ya yi kama, ruwan ɗorawa ne mai haske da ja a tsakiya. Bambancin yana fitowa bayan fure ya kaɗe: ƙoƙon furen yakuwa yakan yi kauri da tsami, shi ne zoɓo ko zoɓorodo, na rama kuwa busasshe ne mai ƙaiƙayi.

Inda suke yi

Dukkansu tsirran damina ne masu son rana da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta, kuma sukan fara fure idan yini ya soma gajarta, wajen kaka. Yakuwa tana jure ƙasar jigawa da ƙarancin ruwa. Rama kuwa, idan ta samu ƙasa mai ƙarfi da wadatar ruwa, takan haura mita 3, kuma daga ɓawon karanta ake samun zaren igiya da buhu.

Yaɗuwarsu

Mafi yawan masana na ganin Afirka ce asalinsu. Yakuwa ta bazu daga Sudan da Masar, inda ake kiran abin shanta karkade, zuwa Senegal, har Tailan da Meziko. Noman rama domin zare ya fi ƙarfi a Indiya da Sin da Bangaladesh.

A nan gida muna cin ganyensu a fate da kwaɗo, muna yin daddawar batso da gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa. Busasshen zoɓo daga Jigawa da Kano da Katsina yana cikin kayan da Nijeriya ke fitarwa, musamman zuwa Meziko.

Saboda haka muna shawartar manomi ya dubi gonarsa kafin shuka. Mai jigawa ya fi dacewa da yakuwa, mai ƙasa mai danshi ya gwada rama.