Turaren mai jego a kwarin Komadugu: tarihinsa da iyakar aikinsa

A garin Diffa da garuruwan da ke bin gaɓar Komadugu Yobe, irin su Shetimari da Geskeru har zuwa Bosso inda kogin ke shiga Tafkin Cadi, da wuya a shiga ɗakin mai jego ba a tarar da kaskon turaren wuta ba. Matan Kanuri sun yi suna wajen haɗa shi, har ta kai a Kano da Maraɗi da Damagaram idan ana son yabon turare sai a ce na Barno ne. Yanzu kuma ga ƴan kwalaben tataccen man ƙamshi ana tallarsu a wayoyin hannu, wai suna sauƙaƙa naƙuda, suna warkar da ɗinki, suna kawo ruwan nono. Masu kwalba na ganin sabon ilimi ne daga Turai, masu kasko kuma na ganin nasu gadon kaka da kakanni ne da bai taɓa sauyawa ba. Tarihin kwarin nan bai goyi bayan ko ɗayansu ba. Ƙamshi ya daɗe a ɗakin haihuwa, kayan haɗinsa sun yi ta sauyawa tare da hanyoyin fatauci, aikinsa kuwa tsabta ne da kwantar da hankali da martaba mace. Duk sa'ad da aka ba shi aikin likita, an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

A ƙarshen ƙarni na 15 Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu kusa da wannan kogi, a yankin Gaidam na yanzu, kuma birnin ya zauna hedikwatar Barno har zuwa 1808 da mayaƙan jihadi suka ci shi. Daga nan ayari ke miƙewa arewa ta Gigimi da Agadem da Bilma zuwa Murzuk a Fezzan, sannan Tarabulus. Ta wannan hanya matafiya Turawa Denham da Clapperton suka iso Barno a 1823, ta nan kuma Nachtigal ya biyo a 1870. Bayi da hauren giwa da gashin jimina suna tafiya arewa, tufafi da takarda da makamai da kayan ƙamshi suna gangarowa kudu. Wani matafiyin, Barth, da ya duba kasuwar Kano a 1851, ya lissafa jawul da kanumfari da man wardi cikin hajar da ake shigowa da ita ta hamada. Akwai kuma hanya ta biyu, ta alhazai, wadda ta bi gabas ta Wadai da Darfur zuwa Bahar Maliya, ita ce ta haɗa matan Barno da na Cadi da Sudan a kan humra da dilka da turaren tsuguno. Wanda ya warware haɗin turaren wuta zai ga sandal daga Indiya yake, jawul daga tsibiran Indunusiya, kanumfari daga can ko daga Zanzibar, farce kuwa murfin wani dodon koɗi ne na teku. Babu ko ɗaya da ke tsirowa a bakin Komadugu.

Abin da ƙasar ta bayar nata shi ne irin su kajiji, saiwar da ake tonowa a fadama da bakin ruwa, da itatuwan daji masu ƙamshi, sai kuma gwanintar hannu: jiƙawa, da soyawa da sukari, da barin haɗi ya kwana biyu ya kama jikinsa. Wannan gwaninta ba ta taɓa ƙyamar baƙon abu ba. Turaren Bint el Sudan, wanda wani kamfanin Landan mai suna W. J. Bush ya fitar a 1920, daga baya aka riƙa yin sa a Kano, ya shiga haɗin matan yankin har ya zama kamar da shi aka fara. Ganyen darbejiya da ake tsomawa a tafasasshen ruwan wankan jego shi ma baƙo ne, domin itacen ɗan Indiya ne, a ƙarshen shekarun 1920 Turawan mulki suka fara dasa shi a Barno. Al'adar da ta karɓi duk waɗannan ba za a ce an ci amanarta ba don yau an ce ta gyara wani sashenta.

Me ya sa ƙamshi ya samu wannan gurbi a jego? Mace bayan haihuwa tana cikin jinin biƙi da zufa da ruwan nono, ga zafin ƙasar Diffa, ga ƴan barka suna shiga suna fita har ranar suna. Turare a ɗaki, da zannuwa a kan kabbasa, da humra a jiki, su ke mayar mata da mutuncinta a gaban baƙi. Addini ma ya ƙarfafa abin: a Buhari da Muslim an rawaito umarnin mace ta bi gurbin jini da ƙyalle mai miski bayan wankan tsarki, an kuma yi wa mai takaba rangwamen ɗan turaren kust da farce idan ta yi tsarki. Malaman Malikiyya sun kai iyakar jinin biƙi kwana 60, amma al'ada ta tsaya a arba'in, kuma a cikin kwanakin nan uwa ko kaka ko goggo ce ke ɗauke wa mai jego daka da ɗiban ruwa da girki. Kunna kasko safe da yamma yana nufin akwai wata babba a kusa da ita, mai lura da cinta da barcinta da yanayin fuskarta. Rabin amfanin turaren yana wurin hannun da ke kunna shi.

Likitoci za su ce ai wannan tsarin na arba'in shi ne ya jefa mata cikin ciwon zuciya. Maganarsu tana da tushe. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun bi mata 224 a asibitin koyarwa na Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Zancen ya shafi jihar Diffa kai tsaye, domin kwarurrukan ƙasar Manga, wajen Maine-Soroa da Gudumariya, suna cikin tsofaffin wuraren da kanwa ke fitowa zuwa kasuwannin Hausa. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya ƙara da ƙarancin sinadarin seleniyam da talauci, amma ba wanda ke musun cewa ɗura wa mai hawan jini kanwa haɗari ne. Sai dai laifin kanwa da zafin ruwa bai hau kan ƙamshi ba. Nasa laifin guda biyu ne. Hayaƙi a rufaffen ɗaki yana cutar da huhun jinjiri da mai asma. Na biyu ya fi muni: jinin biƙi mai wari tare da zazzaɓi alama ce ta ƙwayoyin cuta a mahaifa, kuma turaren tsuguno na iya danne warin har a makara zuwa asibiti.

Masu kwalba za su ce to ga mafita, mai ne tatacce, ba hayaƙi, kuma kimiyya ta tabbatar da shi. Rashin hayaƙi gaskiya ne, tabbacin kimiyya kuwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Wani Bafaranshe, Gattefossé, ne ya yayata fannin magani da man ƙamshi da littafinsa na 1937, alhali tun ƙarni na 9 al-Kindi ya rubuta littafi a kan tace turare a Bagadaza. Tsakanin 1990 da 1998 ungozoma Ethel Burns da abokan aikinta sun bi mata 8,058 da aka yi wa amfani da man ƙamshi lokacin naƙuda a asibitin John Radcliffe na Oxford. Fiye da rabinsu sun ce ya taimaka musu, musamman wajen tsoro da fargaba, amma ba a kwatanta su da wani rukuni da aka zaɓa ta ƙuri'a ba. Da masu bitar binciken lafiya na ƙungiyar Cochrane suka duba gwaje-gwaje biyu masu irin wannan kwatanci a 2011, da mata 535, ba su ga bambanci a tsananin ciwo ba. Wani gwaji na 1994 a Ingila, inda mata 635 suka riƙa wanka bayan haihuwa, wasu da man lavanda wasu ba da shi ba, shi ma bai nuna bambancin a zo a gani ba. Kwalbar ta tsaya daidai inda kasko ya tsaya, wato sanyaya rai. Ga shi tataccen mai yana ƙona fata idan ba a sirka ba, ba a shan sa, ba a shafa wa jinjiri.

Saura masu cewa da turaren nan da hayaƙin nan iyayenmu suka haife mu lafiya. Waɗanda suka rayu ne ke ba da labari. Abin da ke kashe mace a kan gwiwa zubar jini ne, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da cutar mahaifa, kuma an ga abin da ke rage su. A zamanin shugaba Tandja Mamadou, ɗan Maine-Soroa, Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005. Daga 2014 aka baza ƙwayar misoprostol da sauran dabarun tsayar da jini a asibitocin ƙasar, mutuwa ta zubar jini ta ragu da fiye da rabi. Tun harin Boko Haram a Diffa da Bosso ranar 6 ga Fabrairu 2015, dubban iyalai suka koma bukkoki a gefen babbar hanya, mata da yawa suka haihu nesa da danginsu, kuma cutar hanta nau'in E da ta ɓarke a 2017 masu ciki ta fi kashewa. Ruwa mai tsabta da awon ciki da gadon asibiti ne maganin wannan.

Saboda haka ungozomar asibiti ba ta da dalilin korar humra daga ɗakin haihuwa, ƙamshin da mace ta saba da shi a gidansu ya fi na kwalbar waje kwantar mata da hankali, kuma macen da ba a raina al'adarta ba ta fi saurin dawowa awo. Kakar da ke gida kuma ta turara zannuwa a tsakar gida, ta buɗe taga, ta nisanta kasko da jinjiri, ta rage kanwa da zafin ruwa. Idan ta ji wari, ko ta ga zazzaɓi, ko kumburin ƙafa da haki, ko jinin da ya ƙi tsayawa, ta ajiye garwashi ta nemi abin hawa zuwa asibiti a ranar.