Allin Fastel a Gaɓar Tekun Normandi: Share Fage ko Kammalallen Zane?

Masana tarihin zane sun daɗe suna ɗaukar abin da aka zana da allin fastel a bakin teku a matsayin share fage, wato gwajin da mai zane zai koma ɗaki ya fitar da shi sosai da fentin mai. Wannan maƙala tana jayayya da wannan fahimta, bisa hujjar ayyukan wasu Faransawa biyu, Eugène Boudin da Edgar Degas.

Fastel garin launi ne da ake dunƙulewa da ɗan abin haɗi kaɗan, a busar da shi kamar allin makaranta. Cikin abubuwan haɗin da aka yi amfani da su har da ƙaro, wanda Sudan da Chadi da arewacin Nijeriya suke fitarwa zuwa Turai. A ƙarni na 18 aikinsa shi ne fuskokin manya, kamar yadda Rosalba Carriera ta yi suna da shi a Venis. Fitar da shi waje, a fuskanci iska da ruwa, wani sabon al'amari ne.

An haifi Boudin a Honfleur a 1824, ɗan ma'aikacin jirgin ruwa. Ya gane cewa abin zanawa a gaɓar teku ba rairayi ba ne, ba kuma kwale-kwale ba. Sama ce da hasken da take zubawa a kan ruwa, kuma wannan haske ba ya jiran kowa. Fentin mai yana buƙatar damawa da jiran bushewa. Kafin a gama, gajimaren ya wuce. Shi kuwa fastel, launin yana hannu, da an goga ya zauna. Marubuci Baudelaire, wanda ya ga zane-zanen fastel na Boudin a 1859, ya lura cewa Boudin yakan rubuta kwanan wata da lokaci da yanayin iska a gefen takarda. A ganina wannan rubutu shaida ce babba. Wanda ya damu da sa'ar da ya yi zane, sa'ar ita ce abin da yake son kamawa, kuma ba a sake ta a cikin ɗaki. Wannan ɗabi'a ta aiki a fili ce Boudin ya koya wa matashi Claude Monet a Le Havre.

To amma a ce sauri kaɗai ne sirrin, an rage wa fastel daraja. A 1869 Degas ya yi ƙananan zane-zanen fastel kusan arba'in na gaɓar Normandi, wajen Houlgate da Villers. Masana sun yi saɓani kan ko a wurin ya zana su ko daga baya ya dogara da abin da ya tuna. Ko ma wanne ne, abin da ke kan takardar kusan fanko ne: shimfiɗar rairayi, siririn layin ruwa, sama mai faɗi, wani lokaci ɗigon mutane can nesa. Abin da ya riƙe su shi ne yanayin garin fastel ɗin kansa. Ba shi da ƙyalli irin na mai, yana warwatsa haske, idan kuma aka murza shi da yatsa sai iyakar sama da ruwa ta ɓace cikin hazo, yadda take ɓacewa a idon wanda ke tsaye a gaɓa. Launin takardar ma yana leƙowa ta tsakanin garin, ya zama rairayi ko inuwa ba tare da an ƙara komai ba.

Masu ɗaya ra'ayin suna da abin kamawa. Boudin kansa zanen mai yake kaiwa manyan nune-nune, kuma fastel abu ne mai rauni: girgiza tana zubar da shi, laima tana kawo masa fumfuna, maganin da ake fesawa don ya kama takarda yana dusashe launinsa. Shi ya sa gidajen tarihi ba sa barin sa a bango na dogon lokaci, jama'a kuma ba su cika ganinsa ba. Amma waɗannan matsaloli ne na kasuwa da na adanawa, ba su taɓa ingancin aikin ba. Zane-zanen fastel na Boudin da na Degas kammalallu ne, kuma da wannan ma'auni ya kamata a yi nazarinsu.