Kirk-Greene: Di'on da Ya Ƙi Barin Takarda Ta Ɓata

Anthony Kirk-Greene ya rasu a watan Yuli na 2018 yana da shekara 93. A tsawon wannan rayuwa ya yi soja, ya yi Di'o, ya yi malanta, kuma ya tara littattafai da takardu. An haife shi a Ingila a 1925. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi rundunar sojan Indiya yana saurayi, bayan ya dawo ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, a 1950 kuma aka turo shi Arewacin Najeriya, inda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa. A ganina, cikin ayyukan nan nasa wanda ya fi cancanta a tuna shi ne na ƙarshe, wato adana takarda, domin shi ne amfaninsa bai ƙare da tafiyar Turawa ba.

Aikin Di'o a zamanin En'e sananne ne: rangadi, ƙidayar haraji da jangali, duba littattafan alkalai da na baitulmali, da rubuta rahoto zuwa ga Razdan. Ɗaruruwan Turawa sun yi shi sun tafi, yawancinsu ko sunansu ba a riƙe ba. Abin da ya bambanta Kirk-Greene shi ne ya ɗauki waɗannan rahotanni a matsayin dukiya, a lokacin da ake barin irinsu gara na ci a ɗakunan ajiya. Daga cikinsu ya fitar da littafinsa kan tarihin Adamawa a 1958. Lokacin da aka mayar da shi makarantar horar da ma'aikata ta Kongo a Zariya, don ya koyar da 'yan ƙasa da za su gaji kujerun Di'o-Di'o, bai sauke wannan hali ba. A 1962 ya tsamo sassan da suka shafi Najeriya daga labarin tafiyar Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Katsina da Kano da Kukawa da Yola a shekarun 1850, ya buga su. A 1966 shi da S. J. Hogben suka fitar da tarihin masarautun Arewa, a shekarar kuma ya buga karin magana 500 a littafin Hausa Ba Dabo Ba Ne. A 1972 ya sa aka sake buga tsofaffin kundayen lardunan Arewa, waɗanda tun farkon ƙarnin da ya wuce Razdan-Razdan suka rubuta, samunsu kuma ya riga ya yi wuya.

Babbar hujjata ita ce aikin da ya yi kan yaƙin basasar Najeriya. Tun rikici na ci, ya duƙufa wajen tattara jawaban rediyo, dokokin soja, sanarwar gwamnatin tarayya da ta Biyafara, da bayanan taron Aburi na Janairun 1967. A 1971, shekara guda bayan an ajiye makamai, ya buga su cikin juzu'i biyu. Irin waɗannan takardu su ne suka fi saurin salwanta, domin mai nasara yana son a manta da wasu, wanda aka ci da yaƙi yana son a manta da wasu. Yau idan gardama ta tashi kan abin da Gowon na ɓangaren tarayya ko Ojukwu na Biyafara ya faɗa a rana kaza, akwai wurin da za a je a duba.

Mai suka zai ce, ai mutumin nan ma'aikacin mulkin mallaka ne, abin da ya adana muryar masu mulki ce, kuma ƙarshen rayuwarsa ya tafi ne wajen rubuta tarihin Di'o-Di'o da gwamnoni cikin tausayawa. Wannan suka tana da tushe, kuma bai kamata a rage mata nauyi ba. Kundayen larduna cike suke da son zuciyar waɗanda suka rubuta su, sukan ɗaukaka wata ƙabila su ƙasƙantar da wata, sukan kira turjiya tawaye. Amma masanin da yake son tona asirin mulkin mallaka, da me zai tona shi in babu waɗannan takardu? Adadin harajin da aka ɗora wa talaka, da sunayen sarakunan da aka tuɓe, daga bakin masu yin abin aka fi samun su. Ban da haka, ba muryar Bature kaɗai ya tsare ba. A 1971 shi da Paul Newman suka buga labarin Dorugu, yaron Bahaushe da ya bi Barth har Turai ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, haɗe da na Maimaina, Sarkin Askira.

Suka ta biyu ta fi ciwo: tun daga 1967 a Kwalejin St Antony's ta Okusfod ya zauna, kuma takardun tsofaffin ma'aikata da ya taimaka aka tattara a can suke, inda ɗalibi daga Yola ko Gusau ba zai kai ba sai da biza da kuɗin jirgi. Gaskiya ne, kuma rashi ne. Sai dai wannan magana tana komawa kanmu. Adana littafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Da littattafan Waziri Junaidu a Sakkwato Murray Last ya rubuta tarihin Daular Usmaniyya da ya fito a 1967, kuma Abdullahi Smith ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970 don irin wannan aiki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'aikacin da zai ga fayil ɗin ofishinsa a matsayin tarihi. Tsofaffin sakatarori da hafsoshin da suka ga rikicin 1966 da idonsu suna ta ƙarewa, akwatunan takardunsu kuma galibi ba sa shiga lissafin gado, sai damina ta lalata su ko a sayar wa masu ƙosai. Ɗakin adana kayan tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Arewa House suna nan, kuma suna iya karɓar waɗannan akwatuna idan magada suka kai.