Ruwan Tiga da Sauye-sauyen Mulki a Ƙasar Kura da Bunkure

Duk matafiyin da ya bi hanyar Zariya daga birnin Kano a tsakiyar rani, lokacin da hunturu ya ƙone ciyawa, kuka ta zubar da ganyenta, rafuka suka koma yashi, idan ya wuce Kura ya doshi Kadawa, lalle zai ga abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba, wato gonakin alkama da tumatir da albasa kore shar iyakar ganin ido, ruwa yana gudana a tsakaninsu kamar a watan Agusta. Matasan da aka haifa a gefen kanal suna ɗaukar wannan ni'ima tamkar haka Allah ya halicci ƙasar, alhali kuwa kowace magudana da ke nan hukuma ce ta haƙa ta, kuma babu gwamnatin da ta mulki Nijeriya tun daga 1967 da ba ta bar sawunta a bakin ruwan nan ba.

A zamanin da, sunan Kura ya kai har cikin Sahara saboda rini da bugu, domin turkuɗin da Buzaye ke naɗawa daga marinanta yake fitowa. Noma kuwa na damina ne, gero da dawa da gyaɗa, sai ɗan lambu a fadama wanda ake shayarwa da jigo, guga bayan guga. Malamai sun san wahalar wannan aiki, shi ya sa a fiƙihu zakkar gonar da ruwan sama ya shayar ushiri ce, ta gonar da aka shayar da ɗawainiya kuwa rabin ushiri. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya wallafa Ta'alimur Radi a kan yadda ake mallakar ƙasa da raya matacciya. Ko da Turawa suka kafa dokar ƙasa ta 1910, suka ce ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, a aikace dagaci da hakimi da Sarki su ne talaka ya sani, kuma ruwa bai zama sha'anin hukuma ba.

Tunanin cewa gwamnati za ta tare kogi ta raba ruwansa bisa ma'auni daga nesa ya zo. A 1925 Ingilishi suka kammala madatsar Sannar a Sudan domin noman auduga a Jazira, inda dubban Hausawa maniyyata aikin Hajji suka yi ƙodago, wasu suka zauna har yau. A 1933 Shugaba Roosevelt na Amurka ya kafa hukumar kwarin Tennessee, wadda ta zama abin koyi ga ƙasashe da yawa, sa'an nan Jamal Abdul Nasir na Masar ya gina babbar madatsar Aswan da taimakon Tarayyar Sobiyat, aka gama ta a 1970. Ƴan jari-hujja da ƴan gurguzu, duk da gabar da ke tsakaninsu, sun yi ittifaƙi a kan abu guda, cewa ƙasar da ta sami ƴanci ba ta cika ba sai ta mallaki kogunanta.

Wannan ra'ayi bai sami ƙofar shiga Kano ba sai da tsarin mulkin Nijeriya ya sauya. Ran 27 ga Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya rusa jihohin yanki ya kafa jihohi goma sha biyu, aka naɗa Kwamishinan Ƴan Sanda Audu Bako gwamnan Kano. Hukuncin da a da sai an kai shi Kaduna an yi ta muhawara, yanzu mutum ɗaya ke yanke shi, ba majalisa, ba ƴan hamayya, ikon En'e kuma an rage shi ƙwarai. Da haka aka gina madatsar Bagauda, aka buɗe gonar gwaji a Kadawa da shawarar injiniyoyin Holan, aka fara aikin Tiga a kan Kogin Kano a 1971, aka gama a 1974, tafkin da ke iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Abubuwa biyu na duniya suka taimaki Gwamna: farin da ya afka wa Sahel daga 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya karya noman gyaɗa, ya ba shi hujja, yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973 kuma, wanda ya ninka farashin man fetur kusan sau huɗu, ya cika baitulmali.

Amma gaggawar mulkin soja tana da nata farashi. An tashi ƙauyukan da tafkin ya cinye, an karɓi gonakin gado an baje su da katafila, an mayar wa masu su bayan an cire rabon kanal da hanya, sa'an nan aka umarci manomi da abin da zai shuka da ranar da zai sha ruwa. Mai hali ya sayi taki ya biya kuɗin tarakta, marar hali ya ba da gonarsa haya ko jingina ya koma ɗan ƙodago a cikinta. Can ƙasa kuwa, fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliya ke rayawa kowace shekara, suka fara ƙanƙancewa, masunta da makiyaya suka ɗanɗana kuɗarsu ba tare da an shawarce su ba.

Bayan juyin mulkin 29 ga Yuli 1975, wanda ya kawo Janar Murtala Muhammad ya kuma kawar da Audu Bako, iko ya ƙara tattaruwa a hannun Tarayya. A 1976 aka kafa hukumomin raya koguna, aikin ban-ruwa na Kogin Kano ya koma ƙarƙashin Hukumar Haɗeja-Jama'are, a 1978 kuma dokar amfani da ƙasa ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. Da farar hula suka dawo a 1979, sai manomin Bunkure ya wayi gari da iyayengiji biyu: jiha a hannun Abubakar Rimi na PRP, wanda ya soke haraji da jangali, makullin ruwa kuwa a hannun gwamnatin NPN ta Shehu Shagari a Ikko. Abin da ya faru a madatsar Bakolori a 1980, inda ƴan sanda suka harbe manoman da ke neman diyyar gonakinsu, ya nuna inda rikicin ƙasa da ruwa ke iya kaiwa.

Da kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Janar Babangida ta rungumi tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, ta janye hannun hukumomin koguna daga yin noma da kansu, ta hana shigo da alkama a 1987 har noman alkama ya bunƙasa a Kadawa, sa'an nan ta ɗage hanin a 1992, farashi ya faɗi. Magudanai suka cushe da laka da kacala, kadada 22,000 da aka tsara wa zangon farko na aikin ba ta cika ba shekara da shekaru. Manoma dai ba su jira kowa ba, suka karkata ga shinkafa da tumatir, Kura ta zama cibiyar casar shinkafa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar da ke loda wa Kudu kwandunan tumatir.

Tun da Bankin Duniya ya amince da shirin gyaran ayyukan ban-ruwa a 2014, an sake yashe magudanai, an kuma ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa alhakin tara kuɗin ruwa da kula da ƙananan kanal. Ashe bayan shekaru hamsin na umarni daga sama, an komo kusa da ƙa'idar da malaman Malikiyya suka daɗe suna karantarwa a zaure, cewa na sama ya shayar da gonarsa gwargwadon haddi, sa'an nan ya saki ruwa ga na ƙasa da shi. Saboda haka wanda ke son ya auna adalcin kowace gwamnati a wannan yanki, ya bar ofis da allon buɗe aiki, ya bi kanal da ƙafa har gona ta ƙarshe a watan Maris, ya tambayi mai ita yaushe rabonsa da ruwa.