Daga Liyari Zuwa Dala: Yadda Matafiyi Ke Canjin Guzurinsa



A littattafanmu na hikaya ba wuya jarumi ya ɗauki amarya su tafi hutu Dubai ko Landan, ko ya kai mahaifiyarsa Umara. Abin da ba a cika gaya wa mai karatu ba shi ne inda ya samo kuɗin ƙasar da za shi, da kuma nawa ya saye su. Alhali amsar tana sauyawa daga zamani zuwa zamani, kuma marubucin da bai san haka ba zai sa wa jaruminsa kuɗin da ba na lokacinsa ba.

Kafin zuwan Turawa, da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa. Wuri kuwa nauyi gare shi, kuma ba ko'ina ake karɓarsa ba. Don haka maniyyacin da zai bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya yakan mayar da dukiyarsa abin da zai karɓu a hanya: tufafi, dabbobi, ko liyari, wato azurfar nan ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wadda ake buga mata shekarar 1780 ko yaushe aka ƙera ta. Darajar liyari tana jikinsa, ba ya bukatar sa hannun wata hukuma.

A 1912 Ingila ta kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, aka ɗaure fam ɗinmu daidai da fam na Ingila. Mai zuwa Landan a lokacin ba shi da wani dogon ciniki. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, naira ta fito ranar 1 ga Janairu 1973, naira biyu a fam guda. A 1980 dala ɗaya ba ta wuce kusan kwabo 55 ba a farashin hukuma. Sai dai arhar tana da ƙofa: sai ka kai fasfo da tikiti banki, a ba ka iya adadin da doka ta ƙayyade. Wanda bukatarsa ta wuce nan sai ya nufi 'yan canji. A Kano matattararsu ita ce Wapa da ke Fagge, sunan da ake dangantawa da kamfanin jigilar alhazai na Alhaji Mamuda Ɗantata.

A Satumbar 1986 gwamnatin Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, naira ta fara gangarowa, a 1989 kuma aka fara ba wa kamfanonin canji lasisi. Zamanin Abacha farashin hukuma ya tsaya a naira 22, kasuwa kuwa ta haura 80. Wanda ya sami dala a 22 ba iya ciniki ya yi ba, hanya ya sani. Ga labari nan zaune ga mai neman jigo: 'yan'uwa biyu, jirgi ɗaya, amma guzurin ɗaya ya ninka na ɗayan kusan sau huɗu.

Maƙwabtanmu na Nijar nasu ya zo dare ɗaya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Ɗan Maraɗin da ya tara kuɗin zuwa Faris ya wayi gari rabin guzurinsa ya narke, ba tare da ɓarawo ya shiga ɗakinsa ba.

Akwai kuma cekin matafiya, wanda kamfanin American Express ya fito da shi a 1891. Kana sa hannu ranar saye, ka sake sawa ranar kashewa, in ya ɓace a biya ka. Katin banki ne ya ture shi. Jarumin 1985 zai iya riƙe ceki, na yau kuwa kati da waya.

Duk da waɗannan sauye-sauye, wasu ƙa'idoji ba su motsa ba. Kowane ɗan canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa, tazarar da ke tsakani ita ce ribarsa, kuma ta fi faɗi a filin jirgi inda matafiyi ba shi da zaɓi. Duk canjin da aka maimaita, an maimaita asara. Sannan riyal na Saudiyya yana ɗaure a 3.75 kan dala tun 1986, dirhamin Dubai a kusan 3.67. Ke nan mai zuwa Makka ko Dubai a gida yake cin riba ko faɗuwa, ranar da ya sayar da nairarsa.

Saboda haka kafin jarumarki ta hau jirgi, 'yar'uwa, kafin naka ya ja jakarsa, ɗan'uwa, a tsayar da shekara. A tambayi dattawan da suka yi tafiya a lokacin wa ya canza musu kuɗi, a ina, kuma nawa. Mai karatun da ya taɓa tsayawa a Wapa yana lissafi da ku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.