Keso da Ratal: Tarihin Adadin 20,000 Tsakanin Ƙasar Hausa da Barno

1.0 Gabatarwa

Kafin shigowar kalmar miliyan, Hausawa suna da hanyoyinsu na ambaton manyan adadi, kuma mafi yawansu a kasuwa suka girma. Wannan maƙala ta dubi adadi guda, wato 20,000, wanda fatake suke kira keso, tare da bayyana yadda siffarsa ta lissafi ta dace da tsarin kuɗin Barno.

2.0 Ƙidayar Wuri

A ƙarni na 19, wuri shi ne kuɗin ƙasar Hausa. Akan ƙidaya shi biyar-biyar, a tara hauya (20), sannan zangu (100), har zuwa zambar (1,000). Idan ya kai 20,000 sai a ɗinke shi cikin keso, wato jakar tabarma, wadda sunanta ya zama sunan adadin. Heinrich Barth ya ga irin wannan ƙidaya a Tasawa a 1851, kuma a Kano ya tarar ana canza riyal guda a kan wuri 2,500. Ke nan keso guda riyal 8 ne.

3.0 Tsarin Barno

Barno ta daɗe tana ciniki da gabaga, wato ƙyallen saƙi. Wuri bai kankama a Kukawa ba sai a ƙarshen shekarun 1840, zamanin Shehu Umar da wazirinsa Alhaji Bashir. An daidaita wuri 8 da gabaga guda, gabaga 4 kuma ratal guda, wato wuri 32. Saboda haka ƙidayar Barno ninki take bi, ta Hausa kuwa biyar da goma.

4.0 Siffar Adadin

Idan aka warware 20,000 zuwa tushensa, za a sami 2 sau biyar (32) da 5 sau huɗu (625). Ma'ana, keso guda ratal 625 ne cif, ba saura. Zambar kuwa ba ta da wannan siffa, domin 1,000 ratal 31 ne da rarar wuri 8. Bugu da ƙari, lambobi 30 ne suke raba 20,000 daidai, kuma jimillarsu ban da shi kansa ta kai 29,203. Wannan ya sanya shi cikin rukunin da masana lissafi suke kira adadi mai yalwa. Bafataken da ya kai keso Kukawa zai iya mayar da shi ratal ba tare da gardamar cikon wuri ba.

5.0 Kammalawa

Bayan Rabeh ya ci Kukawa a 1893, da komawar fadar Shehu Yerwa (Maiduguri) a 1907, da kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, sule da kwabo suka ture wuri. Kalmomin keso, hauya da zangu suka ja baya tare da shi. Tattara su daga bakin dattawan Hausari da Kasuwar Litinin aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe tun kafin su ɓace.