Wa ya cancanci tuƙa ambilans da motar ƴan kwana-kwana?

In muka ji jiniya a kan titi, hankalinmu kan tafi ga wanda ke kwance a bayan motar. Ba kasafai muke tuna direba ba, alhali ran marar lafiya, da na malamin asibitin da ya rako shi, da na masu wucewa a hanya, duk amana ce a hannunsa. Ga abin da ake buƙata kafin a ba mutum makullin irin wannan mota.

Permi

Matakin farko shi ne permi. Ana bi ta makarantar koyon tuƙi, wato oto-ekol, a ci jarrabawar kod da ta tuƙi. Permi B, wanda ake iya samu daga shekara 18, na motocin da nauyinsu bai wuce tan 3 da rabi ba ne. Yawancin ambilans ɗin da muke gani a CSI da asibitocin gunduma, irin su Toyota Land Cruiser, nan suka faɗa. Babbar motar ruwa ta kashe gobara kuwa sai mai permi C.

Ta ina ake shiga aikin?

Ƴan kwana-kwana, da ake kira ta lamba 18, sojoji ne a ƙasarmu. Mai son tuƙa motarsu sai ya fara shiga aikin, ya sami horon soja da na ceto, kafin a zo maganar sitiyari. A Yamai akwai kuma SAMU, mai lamba 15. Direbobin ambilans na asibiti kuwa, hukumomin kiwon lafiya, ko ma'aikatar magajin gari, ko ƙungiyoyin agaji ke ɗaukarsu. Galibi akan nemi permi da ya ɗan kwana biyu a hannu, da takardar likita mai nuna ido da jiki lafiya lau, da takardar kotu mai shaida mutum ba shi da laifi.

Permi kaɗai bai isa ba. Direban ambilans shi ne hannu na biyu na malamin asibiti: shi zai kama gadon ɗaukar marar lafiya, ya san yadda ake tsaida jini, da yadda ake ɗaga wanda ake zaton ya karye a wuya ko gadon baya ba a ƙara masa ciwo ba. Ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar na koyar da irin wannan agajin farko.

Jiniya ba izinin ganganci ba ce

Doka ta ba waɗannan motoci fifiko ne kawai lokacin da suke kan aikin gaggawa, da jiniya da fitila a kunne. Ko a nan ma, direba zai rage gudu a mararraba, ya tabbata an gan shi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi. Mai naƙuda ko mai karaya, birkin bazata da faɗawa rami sun fi cutar da su bisa jinkirin minti biyar.

Hanyoyinmu ma sai wanda ya san su. Tsakanin Maraɗi da Damagaram akwai sama da kilomita 200, ga dabbobi, ga amalanke marar fitila da dare. A karkara kuma sai rairayi, da ƙoramu masu kawo ruwa da damina.

Aikin kowace safiya

Direba na ƙwarai ba ya jiran a kira shi kafin ya duba mai, ruwa, birki, batir, tayoyi da safaya. Yana cika littafin tafiyar mota. In ya ɗauko mai kwalara, zai wanke cikin motar da ruwan javel kafin wani ya shiga. Abin da ya gani ko ya ji game da marar lafiya kuma, a motar zai bar shi, ba hirar fada ba ce.

Namu nauyin

Kwamitocin kula da CSI su dubi cancanta, kada a ba da makulli don dangantaka, kada kuma ambilans ta koma motar zuwa biki ko ɗaukar kaya. Mu masu mota, da ƴan kabu-kabu, da masu amalanke, in mun ji jiniya mu kauce hannun dama mu ba ta hanya, kuma kar mu bi bayanta da gudu don mu ci gajiyar hanyar da aka buɗe mata.